Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Koyon Aikin Ba da Shawara ga 'Yan Shaye-shaye



Kowannenku ya shigo aji da fahimtar da ya taso a cikinta. Takwaranku na Amurka ana koya masa cewa shaye-shaye ciwo ne. Tun 1956 ƙungiyar likitocin ƙasar ta lissafa jarabar giya cikin cututtuka. A Fotugal, tun 2001 wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, gaban kwamiti ake kai shi, ba kurkuku ba. Mu kuwa mun taso muna jin "ya lalace", "rashin tarbiyya ne", "sammu aka yi masa".

Ina roƙonku ku riƙe cewa ciwo ne, domin mun ga inda ɗaya fahimtar take kaiwa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Yawancinsu iyaye ne suka kai su don a gyara musu hali, har suna biyan kuɗi.

Sai dai littattafan da kuke karantawa sun ɗauka majinyaci shi zai kawo kansa. A nan uwa ce za ta riƙo hannunsa, kawu na biye yana faɗa, ta zazzage muku kwalaben kodin da fankon sacet ɗin tiramol da ta tsinto ƙarƙashin katifa. Ku saurare su, sannan ku nemi su ba ku wuri. Yaro ba ya faɗin gaskiya gaban kawunsa. Malamin da iyali suka yarda da shi ma ku jawo shi jiki, ya yi addu'a, likita ya yi nasa. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam, idan aka yanke masa rana ɗaya, jijjiga na iya kama shi. Wannan na asibiti ne, irin su Dawanau ko Barnawa.

Kada ku manta da mata. Wani bincike na 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, amma kunya da tsoron saki sun hana yawancinsu zuwa neman magani.

Wanda ya daina na wata shida ya koma ruwa, ya dawo kansa a sunkuye, don Allah ku ba shi kujera, ku tambaye shi abin da ya faru.