Daga Kan Tabarmar Taro: Bashin asusu da balon maigida

 

Wanga wata da kaina zan fara, don mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Maigidana malamin motsa jiki ne a wata sakandare, kuma shi ke horar da ƴan balo na makarantar. Horon nan ba a ba shi ko dala a kai, son abin ne kawai. Da la'asar, lokacin da mazan mutane ke komowa gida, shi fili yake nufa da usur a wuya. Rigunan yara ni ke wanke su. Yaron ƙauye da ke zaune wurin mai masauki, in bai samu na rana ba, tukunyata ce. In sun ci wasa, duk gari sai "Mushe ya iya!" In an cinye su, ni ake yi ma habaici a bakin pampo, sai ka ce ni ce mai tsaron raga.

Duk wannan ban taɓa kai kuka ba. Abin da ya kusa zubar mini da mutunci bara ya faru.

Na ɗauki bashin jika 30 a asusunmu, in sari gyaɗa in yi mai da ƙuli-ƙuli, in biya bayan sati 4. Kwana biyu da amsar kuɗin, sai ga wasa ya taso masu a Keita. Mai mota ya ce sai ya ga kuɗi a hannu, albashi kuma bai fito ba. Maigida ya same ni a ɗaki ya ce, "Uwargida, ara mini jika 20, albashi na fitowa zan maido miki." Na ba shi, ban shawarci kowa ba.

Albashi ya yi jinkiri. Ranar biya ta zo, masu makulli uku sunka buɗe akwati, magatakarda ta kira sunana. Ni shugaba, mai cin mutane tara in sun makara, ga ni da jika 10 a bakin zane. Wata baiwar Allah da ke jiran layinta don ta sayi kabar saƙa tabarmi ta koma gida hannu wofi saboda ni. Na faɗi gaskiya gaban kowa. Wata dattijuwa cikinmu ta ce, "Ɗiyata, kuɗin nan ba naki ba ne, balle ki ba da aronsu." Ban da abin cewa. Akuyata na saida na biya, har da tara.

Daren nan munka zauna da shi. Ban ce ya bar balo ba, don na san amfaninta. Kun san yankinmu: yaro na tasawa hankalinshi na kan bida, ko Abijan, ko Libiya, ko Najeriya. Dokar maigida ita ce wanda bai shiga aji ba, ba ya shiga fili. Na ga yaran da balon nan ce ta riƙe su har sunka zauna jarrabawar birebe. Kowanensu na mafarkin Mena, wadda ta fara zuwa gasar kofin Afirka a 2012, ko ƴan ƙasa da shekara 17 da sunka je kofin duniya a Indiya a 2017. Kaɗan ne za su kai can, amma karatun da sunka samu nasu ne har abada.

Ga abin da munka tsaida. Na ɗaya, kuɗin ƙungiya da uwar kuɗin sana'ata ba su ƙara shiga mota. Na biyu, ya tara iyayen yara, uwaye sunka buɗe nasu ɗan asusu, dala 10 kowane sati tun daga shigar makaranta a watan Oktoba. Wata uwa ke riƙe da shi, ba ni ba, ba shi ba. Na uku, ranar wasa ina kai zoɓo da ruwan sanyi bakin fili, ribar kuma ina rubuta ta a littafina. Daga cikinta nake sayen sabulun wankin riguna, da yardar raina.

Ƴan uwa, tsarin Mata Masu Dubara ya faro a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma abin da ya raya shi har yau guda ne: kuɗi su dawo ranar da anka ce. Naki mijin wataƙila ba balo ba ce, kokawa ce, ko siyasa, ko bikin aboki. Ki taimaka mashi daga ribarki in kin so. In ya matsa a kan bashin asusu, ki ce mashi na mata talatin ne, kuma ki sanar da shugabarki tun kafin ranar biya.

Albashin ya fito daga baya, ya maido mini kuɗina. Akuyar ce har yanzu ban maida ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.