Sherlock Holmes a Birnin New York: Hukuncin da Ya Riga Kallo

A farkon shekarar 2012 gidan talabijin na CBS da ke Amurka ya ba da sanarwar cewa zai shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango a kan Sherlock Holmes, shahararren mai binciken laifuffukan nan da marubucin Birtaniya, Arthur Conan Doyle, ya ƙirƙiro a 1887. An ce za a ɗauke tauraron daga Landan a kai shi birnin New York na wannan zamani. Ba a jima ba sai ga wata sanarwar, wai abokinsa Dakta Watson zai koma mace, kuma Lucy Liu, Ba'amurkiya 'yar asalin Sin, ita ce za ta fito a matsayin. Tun ba a nuna ko minti ɗaya na wasan ba, masoyan Holmes suka yi masa ca a jaridu da dandalin sada zumunta. Sai a ranar 27 ga Satumba, 2012 aka fara nuna shi da sunan Elementary, wato watanni bakwai bayan da yawansu sun gama yanke masa hukunci.

Ƙorafin ya fito ta fuskoki daban-daban, kuma ba duka ne na banza ba. Mafi ƙarfinsa shi ne zargin kwaikwayo. Tun a 2010 gidan BBC ya fara nuna nasa wasan mai suna Sherlock, wanda Steven Moffat da Mark Gatiss suka tsara, inda Benedict Cumberbatch da Martin Freeman suka fito a Landan ta yau, da wayar salula da kwamfuta. Wasan ya samu karɓuwa ƙwarai a ƙasashe da dama. Furodusar shirin, Sue Vertue, ta shaida wa 'yan jarida cewa CBS sun taɓa tuntuɓar su a kan sake yin irin nasu a Amurka, kuma ta nuna cewa za su zuba ido su ga ko abin da za a fitar ya yi kama da nasu. Saboda haka wanda ya ce Amurkawa sun ga kasuwa na ci ne suka shigo, bai yi ƙarya ba. Wani abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne zaɓen Jonny Lee Miller ya fito a Holmes, domin shi da Cumberbatch ne suka riƙa musanyar matsayi a wasan daɓe na Frankenstein a Landan a 2011.

To amma abin da ya fi yawa a bakin masu suka shi ne cewa an ci amanar Conan Doyle. A ganinsu Holmes na Landan ne, da hazonta da keken dokinta da gida mai lamba 221B a titin Baker, kuma abota ce ta maza biyu, duk wanda ya taɓa wannan ya ɓata gado. A nan ne hujjarsu ta yi rauni, domin hoton da suke karewa, kaso mai yawa daga cikinsa ba daga alƙalamin Doyle ya fito ba. Hular farautar nan mai baki gaba da baya, mai zanen mujallar Strand, Sidney Paget, shi ya ɗora masa ita. Lanƙwasasshen lofen da aka san shi da shi ana danganta shi da William Gillette, ɗan wasan daɓe Ba'amurke da ya fara fitowa a Holmes a 1899. Hatta jimlar da ta fi shahara a bakin tauraron, wadda daga cikinta aka ciro sunan wasan na CBS, babu ita a wannan siga a cikin ƙagaggun littattafai 4 da gajerun labarai 56 da Doyle ya rubuta a kansa.

Haka kuma hannun Amurka a cikin wannan labari ba baƙo ba ne. Rabin littafin farko, A Study in Scarlet, a yankin Utah na Amurka ya gudana. Littafi na biyu, The Sign of the Four, editan wata mujalla ta birnin Philadelphia ne ya nemi a rubuta masa shi a 1889. Da Gillette ya nemi izinin aurar da Holmes a cikin wasansa, Doyle ya amsa masa da cewa ya aurar da shi, ko ya kashe shi, ko ya yi duk abin da ya ga dama da shi. Wannan ita ce matsayar mai abu. Daga baya, a shekarun 1940, kamfanin Universal ya ɗauko Holmes ɗin Basil Rathbone ya sa shi yana farautar 'yan leƙen asirin Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har ya kai shi Washington a wani fim na 1943. Ko mayar da Watson mace ma an riga an yi: a 1987 CBS ɗin nan dai ta nuna wani fim inda Margaret Colin ta fito a matsayin Jane Watson. Bugu da ƙari, daga 2004 zuwa 2012 Amurkawa sun yi ta kallon wasan House, wanda aka gina tauraronsa a kan halayen Holmes, likita mai kaifin basira da baƙin hali da dogaro da ƙwaya, kuma ba a ji an yi wani kuka ba, saboda kawai an canza masa suna.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa tambayar da ta dace a yi wa irin wannan aiki ita ce: me ya riƙe daga tushe, kuma me ya yi da abin da ya canza? Sauya gari ko sauya jinsi shi kaɗai ba ya gyara labari, ba ya kuma ɓata shi.

Abin da Robert Doherty, wanda ya tsara Elementary, ya ɗauko daga Doyle wani abu ne da sauran masu juya labarin suka saba tsallakewa ko su mayar da shi abin ado. A farkon The Sign of the Four an nuna Holmes yana yi wa kansa allurar hodar iblis, Watson kuwa, a matsayinsa na likita, yana yi masa faɗa. A wani labari na baya Watson ya bayyana cewa shi ne ya yaye abokin nasa daga wannan ɗabi'a, tare da sanin cewa cutar barci kawai take yi, ba ta mutu ba. A kan wannan ɗan zance Doherty ya gina wasansa baki ɗaya. Holmes ɗinsa ya baro Landan bayan shaye-shaye ya rusa shi, ya fito daga gidan gyaran hali a New York, mahaifinsa mai dukiya ya ɗauko Joan Watson ta zauna da shi don ta tabbatar bai koma ruwa ba. Ita kuma likitar tiyata ce da ta ajiye aiki bayan wani majinyaci ya mutu a hannunta. Mai kallo yana ganin mutumin da ya fi kowa basira a ɗaki yana zaune a taron masu neman rabuwa da shaye-shaye, dole ya saurari mutanen da a da zai raina. A ƙarshen zango na uku, bayan shekaru yana riƙe da kansa, sai ya sake faɗawa. Babu wani makirci na hatsabibin maƙiyi da ya wanke shi daga wannan. Faɗuwa ce irin ta kowa, kuma washegari dole ya sake fara ƙirga kwanaki daga ɗaya. Yana da wuya a ce wanda ya yi wannan bai karanta Doyle da kyau ba.

Batun Watson kuwa ya fi haka jan hankali, domin a nan ne fargabar masu kallo ta fi yawa, kuma a nan ne ta fi zama ba ta tabbata ba. Wasu sun ɗauka an mayar da shi mace ne don a samu hanyar cusa soyayya, kamar yadda aka saba a wasannin talabijin na Amurka, inda da wuya a haɗa namiji da mace a aiki ɗaya ba a kai su ga aure ko makamancinsa ba. Wannan fargaba tana da tushe. Wasu kuma sun ƙi abin ne kawai don ba su iya hango mace, balle 'yar asalin Asiya, a kujerar da suka saba ganin Bature mai gashin baki. Wannan kam bai cancanci dogon martani ba. Doherty ya faɗa tun farko cewa ba za a yi soyayya tsakaninsu ba, kuma har wasan ya ƙare a watan Agusta na 2019 bai saɓa ba. Abin da aka samu shi ne abota da ta girma a hankali. Joan ta fara a matsayin mai sa ido, ta zama ɗaliba, ta zama abokiyar aiki, daga baya har ta riƙa karɓar nata binciken. Ita ce ta tsara tarkon da aka kama Moriarty da shi a ƙarshen zangon farko. Wanda ya tuna yadda Nigel Bruce ya mayar da Watson wawan dattijo mai bin Holmes da baki buɗe a finafinai 14 tsakanin 1939 da 1946 zai yarda cewa Joan ta fi kusa da likitan sojan da Doyle ya rubuta, wanda ya dawo daga yaƙin Afganistan da rauni, mai natsuwa da sanin ya kamata, wanda Holmes ba ya son fita aiki mai haɗari ba tare da shi ba.

Ba a nufin cewa wasan ba shi da aibu. Masu sukar da suka daure suka kalla sun gano lahanin da ya fi wanda suka yi hasashe zama gaskiya. Tsarin talabijin na Amurka na lokacin yana bukatar fitowa da yawa a shekara, kuma fitowa 24 aka yi a kowane ɗaya daga cikin zango biyar na farko. Babu marubucin da zai iya ƙirƙiro sarƙaƙƙiyar matsala mai ɗaure kai sau 24 a shekara. Sakamakon haka, fitowa da dama sun bi zubi ɗaya: a tsinci gawa, a zargi mutum na farko ya kuɓuta, a zargi na biyu, sannan a dawo kan wani da aka gilma ta gabansa a mintunan farko. Mai kallon da ya saba yakan gane mai laifi tun kafin Holmes ya gane, wanda kuwa babban naƙasu ne ga labarin da jigonsa shi ne fifikon basirar tauraro. Har ila yau, a labaran Doyle ba kullum ake kisa ba. Akwai ɓatan doki, akwai wasiƙar da ake nema, akwai mutumin da aka ɗauka aikin kwafe littafi don a samu damar haƙa rami zuwa banki. Elementary ya jingina da kisan kai fiye da kima, har wani lokaci ya yi kama da sauran wasannin 'yan sanda da CBS ta cika jadawalinta da su. Ta fuskar ƙayatar da hoto da saurin tafiya kuma, na BBC ya fi shi nesa ba kusa ba.

Sai dai wannan tsawon da ya jawo masa rauni shi ne kuma ya ba shi abin da abokin hamayyarsa bai samu ba. Sherlock na BBC fitowa 13 kacal ya yi daga 2010 zuwa 2017, kowace kamar fim, kuma zangonsa na ƙarshe ya raba kan masoyansa ƙwarai, da yawa suna ganin an bar bincike an koma wasa da hankalin mai kallo. Elementary ya yi fitowa 154, abin da ya sa Miller ya zarce Jeremy Brett, wanda ya yi 41, a yawan fitowa a matsayin Holmes a talabijin. Doyle ma da gajerun labarai na wata-wata a mujallar Strand ya kafa tauraronsa, inda mai karatu ke komawa ɗaki ɗaya ya tarar da mutane biyun nan, baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa da matsalarsa. Sabo da mutanen ne ke dawo da mai karatu, ko da matsalar watan ba ta yi armashi ba. A wannan ma'auni, wasan da aka ce ya fi nisa da tushe shi ne ya fi kama da yadda tushen ya isa ga jama'a tun farko. Wannan ne ya sa, a shekarun ƙarshe na wasan, aka riƙa ganin rubuce-rubucen masu sharhi da ke fifita shi a kan na BBC, ra'ayin da a 2012 da an ɗauke shi abin dariya.

Masoyan Holmes dama sun daɗe da ɗaukar kansu masu haƙƙi a kansa fiye da wanda ya haife shi. Da Doyle ya gaji da tauraron ya jefa shi a magangarar ruwan Reichenbach ta ƙasar Suwizalan a labarin da ya fito a watan Disamba na 1893, wasiƙun fushi suka yi ta zuwa masa, kuma bayan shekaru goma ya dawo da shi da rai a 1903. Wannan ƙauna ce ta raya tauraron fiye da shekara ɗari da talatin, don haka ba abin rainawa ba ce. Illarta ita ce kowane zamani yakan ɗauki Holmes ɗin da ya fara gani a matsayin na asali. Da yawa daga waɗanda suka yi wa Elementary tofin Allah tsine a 2012 suna kare wasan da bai wuce shekara biyu da fitowa ba ne, wanda shi ma ya jefar da keken doki ya ba Holmes wayar salula.

Bayan Elementary hanya ta ƙara buɗewa. A 2018 an yi Miss Sherlock a Japan, inda Holmes da Watson duka mata ne a birnin Tokyo. A ranar 1 ga Janairu, 2023 haƙƙin mallaka na ragowar labaran Doyle ya ƙare a Amurka, a 2025 kuma CBS ta sake fitowa da wani wasan mai suna Watson, inda Morris Chestnut, baƙar fata Ba'amurke, ya fito a matsayin likitan. Hayaniyar da aka yi a kan waɗannan ba ta kai ko kusa da wadda ta tarbi Lucy Liu ba.