ZANCEN HANYA: Raɓar cikin mota lokacin ɗari

Ga ɗari ya shigo. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, hanyoyi sun cika da ƴan kasuwa da masu tafiya cin rani. Daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, a Maraɗi da Damagaram da Tawa, sanyin asuba yakan sauka wajen digiri 12 zuwa 15, wani dare ma ya yi ƙasa da haka. A wannan lokaci ne direbobi ke fama da wani abu da ba a ɗauka bakin komi ba, alhali yana iya jefa mota rami: raɓar da ke rufe gilashin gaba ta ciki.

Mota ta yi lodi a tasha bayan asuba. Mutum 19 sun shiga Hiace, kowa ya ƙudundune cikin bargo, an rufe tagogi ruf. Kafin a fita gari gilashi ya yi fari kamar an shafa mashi koko. Sai direba ya sa tafin hannu ya share ɗan wuri daidai idonshi, ya ci gaba da tafiya yana leƙe.

Mi ke kawo wannan raɓa? Waɗansu na cewa hazo ne ya shigo daga waje. Ba haka ba ne. Iskar hunturu busassa ce, ita ce ma ke tsaga leɓe da dugadugai. Ruwan nan daga jikin matafiya ya fito. A kwana da yini, mutum guda yana fitar da kamar sulusin lita na ruwa ta hanci da baki. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa da yawa, mai sanyi kuwa kaɗan. A ɗauki akwati mai mita 1 ta kowane gefe: in iskar cikinshi tana da zafin digiri 30, tana riƙe giram 30 na ruwa, amma in ta huce zuwa digiri 10, giram 9 kaɗai take iyawa. Gilashin da ya kwana waje sanyi ƙalau yake. Da numfashi ya taɓa shi sai ya huce, ya saki ruwan da ya fi ƙarfinshi. Duk matar da ta taɓa ɗaga murfin tukunya ta ga ruwa na ɗiga ta san wannan.

A shekarun 1970 da 1980, lokacin da Peugeot 404 mai tanti ke jigilar ƙauye, matafiya baya suke zama iska na kaɗa su, mutum biyu ko uku kaɗai ke gaba. Motocin yanzu rufaffu ne, numfashin kowa ga gilashin direba yake ƙarewa.

A yi lissafin hatsarin. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. In direba ya ɗauki daƙiƙa 3 yana goge gilashi, ya yi mita 75 hannu ɗaya ga sitiyari, ido ba ya kan hanya. To, wa ke bisa kwalta da sassafe? Amalanke marar fitila, jakai da kayan kasuwa, garken shanu mai ƙetarewa, yara masu zuwa lakkol, ko babbar mota da ta lalace aka jera mata rassan itace. Wanda ya tashi daga Maraɗi zuwa Tasawa da Damagaram gabas ya fuskanta. Da rana ta ɓullo ta bugi jiƙaƙƙen gilashi, ba ya ganin komi sai farin haske.

Tun da numfashi ne tushen abin, maganinshi iskar waje. Ga abin da ya kamata direba ya yi:

1. Ya wanke gilashi ta ciki tun da marece. Ƙurar hunturu da ta kwanta bisanshi ita ke kama ruwa da sauri.

2. Ya ajiye tsumma busasshe mai tsabta don gilashi kaɗai, ban da wanda ake duba man inji da shi. Tafin hannu yana barin maiƙo, in dare ya yi maiƙon ya watsa hasken fitilun masu zuwa.

3. Ya sauke taga ta dama da ta hagu kamar faɗin yatsa biyu. Busasshiyar iska ta shiga, mai laima ta fita. Wannan bai cin ko dala, kuma ko tsohuwar mota tana iyawa.

4. In fankar mota na aiki, ya juya iskarta ga gilashi, ya bar inji ya yi ɗumi. Akwai maɓalli mai hoton mota da kibiya lanƙwasassa cikinta: shi ke hana iskar waje shiga, a kashe shi. Mai na'urar sanyaya iska ya kunna ta ko ana ɗari, don tana tsotse laima. Siraran layukan da ke jikin gilashin baya wayoyi ne masu ɗumama shi, suna da nasu maɓalli.

5. Kada ya bar tasha sai gilashi ya washe duka, har da na gefe inda yake kallon madubi.

6. In raɓa ta dawo bisa hanya, ya rage gudu, ya sauka daga kwalta sarai, ya goge, kana ya tashi.

In kuwa gilashi na jiƙewa ko mota ba kowa, kuma shimfiɗar ƙafa ta gaba kullum da laima, wataƙila ruwan inji ke yoyo ta na'urar ɗumi. Sai a kai wa bakanike.

Saura matafiya, don galibi a nan gardama take. Da direba ya sauke taga sai a yi mashi ca: tsoho na tari, mai goyo na tsoron mura. Kukansu yana bisa hanya, amma rufe taga ba shi ne gyara ba. Tun wajen lodi yaron mota ya zaunar da tsofaffi da masu jarirai tsakiya, samari su zauna bakin taga. Kowa ya taho da bargo ko mayafi ya rufe kunne da ƙirji. Mura ana shan magani ta wuce. Karo da amalanke cikin gudu ba kowa ke tashi ba.

Kuma kada sanyi ya sa a shigar da kaskon gawayi cikin mota, ko direban babbar mota ya kwana da shi cikin ɗakin tuƙi a rufe. Garwashi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, tana fara da ciwon kai da jiri, ta sa barci, daga nan sai mutuwa.

Tsakanin Maraɗi da Damagaram wajen kilomita 240 ne. Minti 5 da aka ɓata a tasha ana jiran gilashi ya washe ba za su hana kowa cin kasuwar Alhamis ba. Sauri ya haifi nawa. Matafiyin da ya ga direba na leƙe ta ɗan wurin da ya share da hannu, ya yi magana da ladabi, ya fara sauke tashi tagar.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.