Sikeli ba ya kwana a daji: zare kan zaɓen tantin dogon tattaki

1/ Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa. Akwai wata cuta da ta kama masu dogon tattaki da jaka a baya, ni na raɗa mata suna bautar giram. Mutum ya zuba dala 700 a tanti don kawai sikeli ya ce masa rabin kilo ne. Yawancinsu wahala suka saya da kuɗinsu.

2/ Maganata guda ce: ana zaɓen tanti ne da mafi munin daren da hanyarka za ta iya kawo maka. Nauyi na zuwa daga baya. Wanda ya juya wannan lissafin, ranar da ruwa ya kwana uku yana zuba zai gane kurensa.

3/ Bari mu ɗauki hanya guda don kar mu yi ta magana a iska. Hanyar Apalaciya a gabashin Amurka, daga dutsen Springer a Jojiya zuwa Katahdin a Main. Kilomita 3,500 da ɗoriya, jihohi 14, wata biyar zuwa bakwai a ƙafa. Kamar Kano zuwa Legas sau uku da rabi.

4/ Kuma ba irin tattakin da ake bin gefen kwalta ana kwana a gari ba ne. Daji ne da duwatsu, ɗakinka da gadonka da tukunyarka duk a bayanka suke. Cikin mutum huɗu da suka fara da niyyar gamawa, kusan ɗaya ne ke kai ƙarshe.

5/ Kafin ku ce ban san zafin kaya ba: na sani. Kilo guda da za ka goya wata shida, gwiwa ce ke biya. Wanda ya ɗauko tantin kilo 3 na hawan ƙanƙara zuwa wannan hanya, shi ma ya zalunci kansa. Rigimata da waɗanda suka wuce gona da iri ne ta ɗaya ɓangaren.

6/ Mu yi lissafi. Tantin mutum ɗaya na yadin Dyneema, mai bango ɗaya, giram 400 zuwa 500 ne, kuɗinsa dala 600 zuwa 700. Na foliyesta mai shafen silikon, mai bango biyu, wajen giram 800, bai kai dala 300 ba.

7/ Bambancin nauyin nan bai kai ledar fiya wata guda ba. Ka sake karantawa. Sama da dala 300 ka ƙara don ka sauke abin da bai kai ledar ruwa ɗaya ba. Alhali duk lita guda da ka ɗiba a rafi kilo ce cur, kuma abincin kwana biyar ya kai kilo 4.

8/ Za a ce ai Dyneema ba ya shan ruwa, ba ya saki. Gaskiya ne, yadi ne na ban mamaki, don jiragen ruwa na tsere aka fara ƙera shi. Amma ba ya son guga. Naɗewa da warwarewa kullum na haifar masa da ƙananan huji, kuma cikin jaka ya fi nailan cin wuri.

9/ Shi ya sa masu dogon tattaki ke lissafa rayuwarsa da tafiya guda cikakkiya. Mai kuɗi ya saya, babu laifi, kuɗinsa ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ce wa sabon shiga wai sai da shi ake zama ɗan hanya na gaske. Haba jama'a.

10/ Yanzu ga abin da bidiyon YouTube ba ya nunawa: raɓar cikin tanti. Numfashinka da danshin ƙasa suna tashi, su tarar da yadi mai sanyi, su koma ruwa. Ko ba a yi ruwan sama ba, ka farka rufin na ɗiga.

11/ A tanti mai bango ɗaya, babu komai tsakaninka da wannan jiƙaƙƙen yadin. Ka motsa, kanka ya taɓa. Ƙafar jakar barcinka ta goga. Iska ta kaɗa ko ruwa ya buga daga waje, sai yayyafi ya sauko maka a fuska daga ciki.

12/ Jakar barci kuwa yawanci gashin agwagwa ne a ciki. Muddin a bushe take, babu kamarta. Ta jiƙe, ɗuminta ya tafi. A hanyar Apalaciya, inda kake cikin inuwar itatuwa da laima kwana da kwanaki, ina za ka samu ranar shanya?

13/ Nan ne abin ke zama batun rai. Sanyin da ke kashe matafiyi ba ya jiran ƙanƙara. Jiƙa, iska da gajiya sun isa su sauke zafin jiki ko ma'auni na nuna digiri 5. Mutum ya fara karkarwa, yatsu su ƙi aiki, tunani ya rikice.

14/ Masu farawa daga Jojiya a watan Maris ko Afrilu suke tashi. Makonni kaɗan sun shiga duwatsun Smoky, inda hanyar ke haura mita 2,000, kuma dusar ƙanƙara a wannan lokaci ba baƙuwa ba ce. Wannan daren shi ne alƙalin tantinka.

15/ Tanti mai bango biyu ba ya hana raɓa, amma yana raba ka da ita. Rufin waje ya jiƙe, kai kana cikin na ciki a bushe. Da safe ka cire rufin ka cusa a aljihun waje na jaka. Giram 300 ɗin da ake yi wa gori, aikin da suke yi kenan.

16/ Sai 'yan tamfol zalla, masu cewa tanti ma gaba ɗaya ragwanci ne. Shimfiɗa guda, igiya, turaku, giram 250, an gama. Na yarda babu abin da ya fi shi shan iska. Tambayata: ƙwarin fa?

17/ Daga Bajiniya har jihohin arewa maso gabas akwai kaskar barewa mai ɗauke da cutar Lyme. Sunan cutar ma daga wani gari ne a Konetikat, jihar da hanyar ke ratsawa. 'Yar kaskar ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, wani har jijiya.

18/ Mu da muka tashi da gidan sauro ba sai an yi mana wa'azi ba. Ka ƙara wa tamfol raga mai ƙasa da zif, to ka dawo nauyin tanti, sai dai naka ya fi wuyar kafawa. Riba ina?

19/ Na san hujjar da za a jefo min: Emma Gatewood. Tsohuwa 'yar shekara 67, a 1955 ta taka hanyar nan kaf ita kaɗai, da takalmin Keds, bargon soja, da labulen banɗaki a matsayin rufi. Allah Ya ba ta juriya, babu musu.

20/ Amma a faɗi labarin duka. Matar gona ce daga Ohayo, uwar 'ya'ya 11, ta san ganyen da ake ci a daji. Ta kwana a rumfuna, ta ƙwanƙwasa ƙofofin mutane, ta gasa duwatsu ta kwanta a kansu don ɗumi. Ilimi ne ya rufe ta. Kai da ka ga hotonta jiya, me zai rufe ka?

21/ Haka Ray Jardine, wanda littafinsa na 1992 ya yaɗa wannan aƙida ta rage kaya. A kan hanyar Pacific Crest ya rubuta shi, mai kilomita 4,200 da wani abu daga iyakar Meziko zuwa Kanada, inda bazarar Kalifoniya ke daɗewa ba ruwa.

22/ Kuma mutumin da hannunsa yake ɗinka kayansa. Koyarwarsa ita ce ka rage abin da ba ka buƙata, ka ƙara sani. Yau an mayar da ita ka ƙara kuɗi. Aƙidar da ta fara da keken ɗinki ta ƙare a katin banki.

23/ Wani zai ce ai akwai rumfunan katako sama da 250 a hanyar, kusan kowane kilomita 13, tanti na ko-ta-kwana ne. To rumfar ta wanda ya riga isa ce. Daren da ake ruwa, daren da ka fi buƙatarta, shi ne daren da take cika maƙil.

24/ Ga ɓeraye da ke yawo a kan mutane, ga minshari, ga cutar amai da gudawa da kan bi cunkoson rumfunan. Mutane da yawa da tanti a jaka suke wuce rumfa da gangan.

25/ Wani abin kuma: tantin da ke tsayawa da sandunan tafiya. Dabara ce mai kyau, ni ma ita nake so, tunda sandunan na hannunka dama. Amma ka sani, sanda ta karye a dutse, ginshiƙin ɗakinka ne ya karye. Kuma ba ya tsayuwa sai turaku sun kama ƙasa.

26/ A duwatsun White na Niyu Hamsha, wuraren kwana da yawa dandamalin katako ne, babu inda za ka kafa turke. Sai ɗauri da igiya da duwatsu. Ana iyawa, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

27/ To me zan zaɓa? Wa hanya mai ruwa da ƙwari irin wannan: bango biyu, raga mai zif, ƙasa mai gefe da ya ɗago kamar tire, giram 700 zuwa kilo 1.2. Foliyesta ya fi min nailan, don nailan na saki in ya jiƙe, sai ka fito tsakar dare kana ƙara ɗaure igiya.

28/ Ka duba tsawo. Kwanta a ciki a kan katifarka, cikin jakar barcinka. In kai ko ƙafa na taɓa bango, ajiye shi ko nawa ne nauyinsa. Ka duba ko rufin waje ake fara kafawa, don na ciki kar ya jiƙe kafin ka shiga.

29/ Sannan gwaji. Kafa shi a tsakar gida da dare, ba fitila mai kyau, sanye da safar hannu. In ya wuce minti biyar, sake. Ranar da aka yi ruwa, kwana a ciki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

30/ Kuɗin da ya rage, sa shi inda zai yi maka aiki: jakar barci mai kyau, takalma, tunda hanyar na cinye ƙafa huɗu ko biyar, da kuɗin ɗaki a gari ranar da jiki ya ce a'a. Ƙarewar kuɗi na cikin abubuwan da ke mayar da mutane gida.

31/ In ka yi kilomita dubu, ka san inda raɓa ke sauka, ka san kar ka kwana a kwari kusa da rafi, ka iya karanta iska, to je ka sayi tamfol ko Dyneema, ba ni da ta cewa. A lokacin ka san abin da ka bari a gida da dalilin barinsa.

32/ Masu jadawalin giram, na san kuna nan tafe. Ku zo, amma kowa ya zo da amsar tambaya guda: kwana nawa a jere ka yi ana ruwa a cikin wannan tantin naka, kuma jakar barcinka a bushe ta fito? Daga nan sai mu yi maganar sikeli.