Baƙo Ba Shi da Baki a Jarida

A daren shiga sabuwar shekarar 2025, wasu ma'aikatan jirgin sama na kamfanin Virgin Australia da suka yada zango a garin Nadi na ƙasar Fiji sun fita shan iska. Daga baya, ƙara biyu ta isa wurin 'yan sanda: wata daga cikinsu ta ce an yi mata fyaɗe, wani abokin aikinta kuma an yi masa fashi. Cikin 'yan kwanaki aka gurfanar da mutum ɗaya a kotu. Amma duk wanda ya bi labarin ya ga inda ya karkata. Aka koma tambayar ko har yanzu Fiji wuri ne da za a je hutu hankali kwance. Viliame Gavoka, mataimakin firaminista kuma ministan yawon buɗe ido, ya fito yana kwantar da hankalin baƙi, domin yawon buɗe ido ne ƙashin bayan arzikin ƙasar. A ƙarƙashin labaran kuma, masu sharhi suka kafa tasu kotun: me ya fitar da ita a irin wannan lokaci?

Mun ɗauko zancen daga can nesa ne saboda cutar da ke cikinsa muna fama da ita a gida. Duk lokacin da aka cuci matafiyi a ƙasar da ba tasa ba, kowa yana samun bakin magana a jarida sai shi. 'Yan sandan ƙasar suna da kakaki, ma'aikatar gwamnati tana da shi, kamfanin jirgi yana da ofis guda na masu tsara kalamai. Wanda abin ya faɗa wa kuwa yana ɗakin otal ko ɗakin tsarewa, bai san harshen garin ba, bai san dokarsa ba, bai san lauya ko ɗaya ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A jarida har bebe ne. Ɗan jaridar da ke zaune a ofis mai nisan dubban kilomita sai ya kwashi bayanin masu kakaki, ya sa masa kanu, ya ce ya kawo labari. Alhali kowane ɗaya daga cikin masu maganar nan yana da abin da yake karewa: wannan sunan ƙasarsa, wancan cinikin tikitinsa, ɗayan kuma yana son a ce ya gama bincike da wuri.

Ma'aikatan jirgi sun fi kowa shiga wannan tarko. Zangonsu gajere ne, kwana ɗaya ko biyu jirgi ya ɗaga, su bar ƙarar a hannun mutanen da ba su sani ba. Galibin kamfanoni ba sa barin ma'aikaci ya yi magana da 'yan jarida sai da izini. Ga kuma kayan aikin da ke jikinsu, wanda editoci suka daɗe da gano cewa yana jan ido. Hoton budurwa cikin kayan ma'aikatan jirgi ya fi bayanin likita kawo masu latsawa, kuma masu latsawa su ne kuɗin talla.

Wanda yake ganin mun yi tsauri, ya tuna abin da ya faru a ƙasar Filifin. Ranar 1 ga Janairun 2021 aka tsinci gawar wata ma'aikaciyar jirgi mai shekara 23 a banɗakin wani otal a Makati, cikin babban birnin Manila, bayan ta yi bikin sabuwar shekara da abokanta. Kwanaki kaɗan bayan haka shugaban 'yan sandan ƙasar, Debold Sinas, ya shelanta cewa an warware lamarin: fyaɗe ne da kisa. Aka lissafa maza 11, aka baza sunayensu da hotunansu. Sanata Manny Pacquiao, shahararren ɗan damben nan, ya sa ladan kuɗi ga wanda ya taimaka aka kamo su. Gidajen talabijin suka yi ta maimaita hotunan kyamarar tsaron otal, ana ƙirga wa marigayiya taku da motsi. Sai mai gabatar da ƙara ya ce hujjar ba ta isa ba, ya sa aka saki mutum ukun da ke hannu. Binciken likitan 'yan sandan da kansu ya nuna cewa babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya ce ta fashe. Iyayenta ba su gamsu ba, kuma suna da haƙƙin su ci gaba da tambaya. Amma daga ƙarshe an yi watsi da tuhumar fyaɗe da kisa. An tona wa mamaciya asiri, an shafa wa rayayyu baƙin jini, kuma babu kanun da ya iya mayar musu da abin da kanun farko ya ƙwace.

To, mu dawo kan namu matafiyan. A watan Disambar 2018 wata ɗalibar jami'a ta tashi daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Ranar 26 ga watan jami'an Saudiyya suka kama ta a masaukinta a Madina, saboda an sami ƙwayar tiramol a cikin wata jaka da ke ɗauke da sunanta. Jakar ba tata ba ce. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata a filin jirgin Kano ne suke liƙa takardar kayan fasinja a jikin jakar da bai san da ita ba. Yarinyar nan laifi aka yi mata, babba kuwa, domin a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana iya kaiwa ga kisa. Amma a harshen labarai ta shiga jerin «'yan Najeriyar da aka kama da ƙwaya a Saudiyya». Ta yi wata huɗu a tsare. Hankalin ƙasa bai koma kanta sosai ba sai a watan Afrilun 2019, bayan Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan wata 'yar Najeriya, shafukan sada zumunta suka ɗauki zafi, Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci ministan shari'a Abubakar Malami ya shiga maganar. Ranar 30 ga Afrilu aka sake ta.

Muka yi murna, muka raba hotunan dawowarta, muka rufe shafin. Labarin gaskiya kuwa a nan ya kamata ya fara: ta yaya jaka take samun sunan mutumin da bai taɓa ganin ta ba? Hannu nawa take bi kafin ta shiga cikin jirgi? Yau a tare mutum goma a Kantin Kwari a tambaye su yadda shari'ar waɗanda aka kama ta ƙare, a ga ko mutum ɗaya zai amsa. Sakamakon wannan sakaci bai ɓuya ba. A watan Agustan 2025 aka sake tsare wasu masu Umara su uku a Jidda, NDLEA ta sake cewa wani gungu ne a filin jirgin Kano ya liƙa sunayensu a jikin jakunkunan ƙwaya, sai a watan Satumba aka sake su. Shekara shida da 'yan watanni, dabara ɗaya, filin jirgi ɗaya.

Mun san amsar da 'yan jarida za su ba mu, kuma ba duka ce ta banza ba. Za su ce babu kuɗin tura wakili Jidda, balle Fiji. Gaskiya ne. Amma Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ba ta buƙatar biza, kuɗin A Daidaita Sahu kawai take buƙata. Za su ce bayanin 'yan sanda madogara ce halattacciya. Haka ne, matuƙar an kira shi da sunansa, wato zargi, ba a mayar da shi hukunci a kanu ba. Za su ce akwai 'yan Najeriya da suke safarar ƙwaya da gaske. Akwai su, kuma saboda akwai su ne ya wajaba a tantance, don kada mai gaskiya ya nutse a cikinsu. Za su kuma ce ai hayaniyar kafofin labarai ce ta ceci ɗalibar nan. Mun yarda, kuma wannan shi ne abin tsoron. Idan ran mutum ya dogara da ko labarinsa ya yi farin jini a Facebook, ina makomar dattijon ƙauye da ba shi da ɗa mai wayar zamani?

Mu masu karatu ma ba mu fita ba. Mu ne muke tura labari a WhatsApp tun ba mu kai sakin layi na biyu ba. Mu ne muke rubuta «tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka» a ƙarƙashin labarin macen da aka yi wa fyaɗe, don kawai aikinta ya kai ta kwana a otal a wata ƙasa. Mu ne muke cewa «Allah ya shirya» a kan mai Umarar da ba mu ji ta bakinsa ba, alhali mun taso ana gaya mana cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowace jarida ba. A rubuta wanda ya faɗi magana, da abin da yake karewa. A bar sunan wadda aka ci zarafinta da hotonta, sai in ita ta yarda. A nemi ɗan'uwa ko lauya ko ofishin jakadanci kafin a kira matafiyi mai laifi. Idan an wanke mutum, a ba wankewar girman da aka ba zargin. Sannan a ajiye wanda zai bi shari'a har ranar hukunci, ko da kowa ya manta.

Kowace shekara dubban mutanenmu suna miƙa jakunkunansu a kan ma'auni a Kano, a Sakkwato, a Yamai, su karɓi 'yar takarda su wuce. Cikinsu akwai iyayenmu, watarana kuma mu ne. Ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinmu a garin da ba mu san kowa ba, za mu so a ce akwai ɗan jarida ɗaya a gida da zai tsaya ya tambaya: shi me ya ce?