A Riƙa Duba Bayan Ɗalibai a Makarantun Jigawa

Sanin kowa ne cewa tsakanin shekara 10 zuwa 15 yaro kan miƙe da sauri, har rigar bara ta kasa shiga masa. To, a daidai wannan lokaci ne ƙashin bayan wasu yara kan karkace zuwa gefe, ya murɗe kamar igiya. Likitoci na kiran wannan lalura sikoliyosis. Tana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma ta fi tsananta ga 'yan mata. Akasarinta har yau kimiyya ba ta gano musabbabinta ba, ko da yake tana bin jini a wasu gidaje. Ɗaukar tallar kai ko jakar littattafai ba sa haifar da ita, haka nan ba aikin iska ba ne.

Babbar matsalar ita ce da farko ba ta ciwo. Yarinya a Dutse, Kiyawa ko Jahun tana cikin hijabi tun safe har dare, kuma ta wuce shekarun da uwa za ta yi mata wanka. Saboda haka sai karkatar ta yi nisa kafin wani ya lura, wani lokaci ma tela ce ke fara ganewa wajen awo. In an gane kuma, wasu iyaye kan ɓoye don gudun kada maganar ta ɓata mata aure.

Alhali kuwa gwajin bai kai minti ɗaya ba. Wani likitan Ingila, William Adams, ya bayyana shi tun 1865. Yaro zai haɗa ƙafafunsa, ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya saki hannuwa, mai dubawa ya tsaya ta bayansa. Idan haƙarƙarin gefe ɗaya ya ɗaga fiye da ɗayan, ko kafaɗa ɗaya ta fi tudu, sai a tura shi ɗaukar hoton ƙashi. A jikin hoton ne ake auna kusurwar karkatar, bisa hanyar da John Cobb na Amurka ya fitar a 1948. Daga digiri 10 ake kiranta lalura. Ƙasa da 25, sa ido kawai ake yi; daga 25 zuwa 40, in yaro bai gama girma ba, sai a ɗinka masa rigar roba mai tauri; in ta haura 45 ko 50, sai a fara maganar tiyata.

Akwai masu ganin binciken dukkan ɗalibai ɓata lokaci ne, domin yawancin karkatar ƙanana ne da ba sa bukatar magani. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya a ƙasar da kowane yaro ke ganin likita duk shekara. A ƙauyukan Jigawa kuwa, makaranta ce kaɗai inda idon mai ilimi ke kaiwa ga yaro. Bugu da ƙari, binciken da aka buga a 2013 kan yaran Amurka da Kanada ya nuna cewa kashi 72 cikin ɗari na masu sa rigar ba su kai matakin tiyata ba, sabanin kashi 48 na waɗanda ba su sa ba. Amma rigar ba ta aiki sai ƙashi na kan girma. Wanda ya makara, sai wuƙar likita, ga tsada, ga zirga-zirga zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Don haka ya kamata Ma'aikatar Ilimi da ta Lafiya su koya wa malamai wannan gwaji, malama ta duba mata a ɗaki keɓe, malami ya duba maza, sau ɗaya a shekara a ajin ƙaramar sakandare. Wanda aka ga alama a tura shi Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Mai ɗori ya san karaya, amma nan babu abin da ya karye, tausa da ɗauri ba za su miƙar da shi ba.

Sai dai a kiyaye da wani abu dabam: doron da ya fito tsini a tsakiyar baya, tare da ciwo, zazzaɓin dare da rama. Wannan sau da yawa tarin fuka ne ya ci ƙashin, cutar da Percivall Pott ya bayyana a 1779. Tana iya shanye ƙafafu, don haka ba ta jiran hutun makaranta, kuma maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati.