Minshari Ba Abin Dariya Ba Ne

Matar yayana ce ta fara ƙirgawa. Wajen ƙarfe biyun dare takan tashi zaune a bakin gado ta zuba wa ƙirjinsa ido. Minsharin nan da kowa a gidan ya sani, wanda yara ke kwaikwayo a tsakar gida ana ƙyaƙyata dariya, sai ya yanke ɗif. Ƙirji na ɗagawa yana sauka, amma babu iskar da ke wucewa. Ta ƙirga ɗaya, biyu, har ashirin, wani lokaci fiye, kafin ya zabura da wani irin gurnani kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya ya ci gaba. Gari na wayewa in ta yi masa maganar sai ya ce, "Ke dai kin cika tsoro, barcin gajiya ne."

Ba barcin gajiya ba ne. Mutumin nan yana shan maganin hawan jini kala uku, jinin ya ƙi sauka. Yana tashi da ciwon kai, bakinsa a bushe kamau. Yana gyangyaɗi ana huɗubar Juma'a, yana gyangyaɗi a shago da mai saye tsaye a gabansa. Mu kuma danginsa me muka yi? Wannan ta ce dannau ne, a nemo hayaƙi. Wancan ya ce beli ne ya yi tsawo, a kira wanzami ya datse shi. Saura muka ci gaba da tsokanarsa a taron biki. Sai ranar da barci ya sace shi a kan sitiyari tsakanin Kano da Zariya, mota ta sauka daga kwalta da yara uku a baya, sannan dariya ta ɗauke a bakin kowa. Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo. Har yau in na tuna jikina yakan yi sanyi, kuma ina jin haushin kaina da na kasance cikin masu dariyar.

Ciwo ne mai suna, likitoci sun san shi tun da daɗewa: ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya zame baya. A wurin wasu hanyar iskar takan ƙuntace, shi ne minshari. A wurin wasu kuwa rufewa take yi gaba ɗaya. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai ma tuna ba, ya ja numfashi, ya koma, abin ya sake maimaituwa har asuba. Likitoci na lissafa duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 5 zuwa 15 a awa guda, mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 30, matsakaici. Abin da ya haura 30, mai tsanani. A awa guda fa, ba a dare guda ba. Zuciyar da ake firgitawa haka kullum dare ba za ta zauna lafiya ba, shi ya sa ciwon ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga, da haɗarin mota. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya. Wa ya ce mana an tsallake unguwanninmu a wannan lissafi?

Da ƙyar muka kai shi asibiti. Aka liƙa masa wayoyi ya kwana da su, sakamako ya nuna nasa matsakaici ne. Likita ya rubuta masa injin hura iska, wanda ake kira CPAP. Ba ni da faɗa da injin nan. Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da shi a birnin Sidni a 1981, kuma har gobe babu abin da ya kai shi buɗe hanyar iska idan mutum ya saka shi. Amma kalmar ke nan: idan ya saka shi. Inji ne da ke son wuta daga kwanciya har tashi. Yayana ya sayar da abin da ya sayar, aka kawo masa shi daga waje. Daren farko aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya. Ya farka da robar a fuska babu iska, ya fizge ta yana haki. Ya gwada janareta, kuɗin mai ya gagara, maƙwabta ma suka fara magana. Hunturu ya shigo, hancinsa ya bushe har yana fashewa. Kafin wata uku injin ya koma kwalinsa, kwalin ya hau saman wadirob, ƙura ta lulluɓe shi.

Na raka shi da ya koma asibiti. Ya ce, "Likita, don Allah babu wata hanya?" Likitan bai ko ɗago kai daga takardarsa ba, ya ce, "Alhaji, ka rage ƙiba, ka daure da injin." Shi ke nan. Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Domin akwai wata hanya, kuma ba ɓoyayyiya ba ce. Likitan haƙori yakan auna bakin mutum, a ƙera masa wani abu mai kama da marfin haƙora, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a haɗe da juna. Da daddare in ya saka, sai ya riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba kaɗan, 'yan milimita kawai. Harshe na manne da muƙamuƙi, don haka shi ma sai ya biyo gaba, bayan maƙogwaro ya buɗe. Ba wuta, ba batir, ba ƙara, ba tiyo. Yana shiga aljihun riga. Mai zuwa fatauci Legas zai tafi da abinsa, mai zuwa aikin Hajji zai kwana da shi a tantin Mina. Kuma ba yau aka san shi ba: a 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka da takwararta ta likitocin haƙori masu kula da barci suka fitar da ƙa'ida ta haɗin gwiwa, suka ce babban mutum da ya kasa jure CPAP, ko ya fi son wata hanyar, a ba shi wannan maimakon a bar shi haka. A can inda wuta ba ta ƙiftawa ke nan. To mu da muke kwana a duhu, wane dalili ne zai sa a ɓoye mana?

Za a ce ai injin ya fi rage yawan tsayawar numfashi. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai mutane sun fi jure kwana da na bakin, kuma binciken da ya gwada su biyun ya samu cewa wajen saukar da hawan jini tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Injin da ke saman wadirob kuwa bai taɓa warkar da kowa ba. Likitan da ya san majinyacinsa ba shi da wuta, ya rubuta masa inji ya sallame shi, takarda ya yi wa magani, ba mutum ba.

Fushina na biyu ya fi na farko zafi. Da asibiti ya yi shiru, 'yan kasuwa ba su yi ba. Buɗe Facebook ko TikTok ka ga yadda ake tallar wata roba, wai ka tsoma ta a ruwan zafi ka cije, minshari ya zama tarihi, har da mai kawowa gida. Wallahi wannan cin amanar marasa lafiya ne. Ƙa'idar nan ta 2015 ƙarara ta fifita wanda aka ƙera daidai bakin mutum, wanda ake iya matsawa sannu a hankali, a kan irin na kanti. Robar kasuwa tana iya faɗuwa tsakar dare, tana iya gurɗa muƙamuƙi. Mafi muni, tana iya rage ƙarar minsharin alhali numfashin na ci gaba da ɗaukewa. Matar da take ƙirgawa ta samu barci, ta ɗauka an warke, ciwon kuma na can yana cin zuciyar mijinta a ɓoye. Wa zai amsa wannan laifi? Ina hukumomin da ke ba da izinin kayan lafiya suke, ana wannan talla da rana tsaka?

Ko na gaskiyar ma ba na kowa ba ne, kuma duk likitan haƙorin da bai faɗi haka ba shi ma kasuwa yake ci. Sai mai isassun haƙora masu ƙarfi da lafiyayyen dasashi. Mai tsananin ciwon, injin ne farkon abin da ya kamace shi. A makonnin farko yawu yakan yi yawa, muƙamuƙi ya yi tsami da safe, kuma in an daɗe ana sawa haƙora kan ɗan gusa, cizo ya canja, don haka dole a riƙa komawa ana dubawa. Kafin a ƙera, a yi gwajin barci. Bayan an daidaita, a sake yi, a gani da ido ko numfashin ya daina yankewa. Aiki ne na likitoci biyu, na ƙirji da na haƙori. Amma a asibitocinmu na koyarwa ɓangaren ƙirji na nan, na haƙori na can, tafiyar minti biyar tsakaninsu, sai ka ce Kano da Makka. Takardar turawa guda ɗaya ce ta gagara. Kuma muna da direbobin tirela da na tanka da ke tuƙin dare, wasunsu da wuya kamar turmi, suna kora barci da goro da shayi da abin da ya fi su muni, babu mai tambayarsu yadda suke numfashi in sun kwanta.

Yayana ya samu nasa abin bakin ne ta hannun wata likitar haƙori da muka haɗu da ita a wajen gaisuwar rasuwa, bayan shekara biyu da ajiye injin. Shekara biyu cur, da jini a sama, yana tuƙa iyalinsa. Ta auna shi, ya koma sau huɗu ana matsa abin kaɗan-kaɗan, aka sake gwajin barcin. Makon jiya na je gidan da hantsi na tarar da shi a bakin famfo yana wanke abin da buroshi, ya sa shi a ɗan akwatinsa. Matarsa na shara, ta ce da ni, "Malam, ka san har yanzu nakan farka ƙarfe biyu? Sai in kasa kunne, in ji numfashi na tafiya, in koma in kwanta."